Tsohuwa Mai Naɗe Furanni

Wata mata tana jiran kek ɗin 'yarta ne idonta ya faɗa kan wata tsohuwa a ƙuryar shagon. Tabarau ya zame mata zuwa karan hanci, yatsunta sun lanƙwashe, amma ba sa rawa. Tana wanke kowane furen da za a yi wa kek ado da shi, ta tsane shi, ta naɗe gindinsa da leda don kada ruwansa ya taɓa kek.

"Mama, ai ba mai cin furen," in ji matar.

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "'Yata, yaro ba ya tambaya. Lasa yake yi."

Matar ta tuna ƙuruciyarta. Haka marigayiya mahaifiyarta take cire mata ƙayar kifi, ɗaya bayan ɗaya. Da alama wannan tsohuwar ma ta raini yara da yawa, sun girma sun watse, hannun ne bai daina ba.