Gero a Ƙarƙashin Gado

Ban sayi sabon kwano da hannuna ba sai da na tsufa. A Bodinga aka haife ni, a gidan da ba a zubar da komai. Ruwan wankin gero na akuya ne, toka ta miya ce, tsumma kuma yana da aikinsa har ya ƙare. Zannuwan da aka kai ni gidan miji da su kwance ne, daga hannun dillaliya innata ta karɓe su. Ban ji kunya ba. Suna rufe jiki.

Wani ƙauye aka kai ni, kusa da Shagari. Gidan gandu ne: wa da ƙane, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Ni ce matar ƙanen. Wan shi ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinsu, shi ke ba da awo, shi ke cewa a yi ko a bari. Uwarsu tana da rai, amma ta tsufa, ba a neman shawararta.

Rumbun gidan rufewa ce, ta ƙasa, babba, a zaune kan duwatsu, da hular ciyawa. A dami ake zuba mata gero, da zangarniyarsa. Geron da aka ajiye haka yakan yi shekaru bai yi komai ba. Mace ba ta leƙa ciki. Namiji ne ke hawa tsani ya jefo dami, mu sussuke abin da za a ci. Amma duk damin da ya fito, kowa ya gan shi, har yara. Lokacin da na zo gidan akwai geron bara a ciki, akwai na bara waccan.

Ni kuma ina da gayaunata, 'yar gonar da aka yanka mini a bayan gari. Abin da mace ta noma a gayauna nata ne. Haka aka gada, ba ni na kawo ba. Ina shanya kuɓewa da tattasai, ina dakan kuka, ina karɓar ganyen albasa wurin 'yan lambu in yi gabu. Daddawata ni ke yin abata. Rigunan yara gwanjo ne daga kasuwar Bodinga, in rage wannan, in ƙara wa wancan hannu. Matan gida suka sa mini suna Uwar Gwanjo. Na amsa.

Sai siyasa ta zo, mulki ya faɗo hannun mutumin yankinmu. Mutane suka haukace. Wanda bai taɓa gaisawa da shugaba ba ya ce tare suka yi kiwo. Wan mijina ya sami doguwar hula da babbar riga, ya daina zuwa gona, kullum yana bayan mota ana yawon taro. Aka kai shi Makka, ya dawo Alhaji. Shinkafar waje ta fara shigowa gida a buhu, da madarar gwangwani, da sukari. Yara suka fara ture tuwon gero.

Wata kaka Alhaji ya tara gida ya ce zamanin rufewa ya wuce. Ya ga yadda manya suke ajiya a Sakkwato: ɗaki na siminti, rufin kwano, buhuna a jere. Sito zai gina, kuma a daidai inda rufewar take, don mota ta riƙa isa bakin ƙofa. Tsohuwa ta yi kuka, ta ce mijinta ne ya gina ta da hannunsa. Ya ce mata, “Inna, wanga abu sai ƙauyawa.” Mijina yana tsaye, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Mu mata aka sa muka sussuke geron nan duka, na bana da na bara da na bara waccan. Mun daɗe muna yi. Tafin hannuna ya fashe, ƙaiƙayi ya shiga mini ido. Aka ɗura a buhuna, aka jera a sito, aka sa kwaɗo. Mabuɗi yana aljihun Alhaji. Aka fasa rufewa, aka yi ciko da ƙasarta a ramin ƙofar gida.

Tun ranar na daina barci da daɗi. Ba ilimi gare ni ba, ido kawai gare ni. Dami ba ya fita sai an kafa tsani. Buhu kuwa mutum ɗaya ya saɓa shi, ya jefa bayan akori-kura, shi ke nan.

Na aika wa dillaliyarmu ta Bodinga na ce ina son randuna, tsofaffi, ko da sun tsage. Ta ɗauka ba ta ji daidai ba, don ba wanda ke neman randar da ba ta riƙe ruwa. Ta turo mini uku a kan jaki, da tsofaffin garewani na kananzir da na ƙone da wuta na wanke da toka har warin ya fita. Matan gida suka fito kallo. Matar Alhaji ta ce ko kasuwar fasassun kaya zan buɗe, ta ce in ina so akwai tsinkakken takalmin mijinta, ta ba ni kyauta. Na ce ta kawo. Ta daina dariya.

Na ɗage gadona, na haƙa ƙasa, na binne randuna biyu har wuya, ta ukun na binne ta a ƙuryar ɗaki. Na liƙe tsagar da laka. Geron gayaunata na shanya shi ya bushe ƙayau, na zuba, na rufe da faifai, na yaɓe baki. Wake na gauraya da toka na sa a garewani. Na mayar da gado. Kaka biyu ina ƙarawa. Mijina ya sani, a kan gadon yake kwana.

Buhunan sito kuwa suka fara tafiya kamar yadda na zata. Ana dafa wa 'yan taro. Maroƙi ya wasa Alhaji, a ba shi buhu. Zaɓe na biyu ya zo, samari suka cika zaure, kowa sai ya ci. Ba wanda ya san abin da ya rage, don ƙofar a kulle take. In na tambayi mijina sai ya ce Yaya ya san abin da yake yi.

Sai soja suka karɓi mulki. Shinkafa ta ɗauke kamar ba a taɓa yin ta ba. Sabulu ma sai an yi layi ana dukan mutane. Damina ta zo, ruwa ya yi sau kaɗan ya tsaya, gero ya ƙone yana gwiwa. Aka buɗe sito. 'Yan buhunan da suka rage a lungu, zafin kwano daga sama, damshin siminti daga ƙasa, ƙwari sun mai da su gari. Na sa hannu na damƙo. Yana motsi.

Na fasa bakin randa ta farko. Ban ɓoye ba, turmi ba ya ɓoyuwa. Kunu nake damawa da safe, tuwo da yamma da miyar kuka. Kowane yaro a gidan, nawa da na Alhaji, a ƙofar ɗakina yake ci. Tsohuwa ina kai mata nata. Maza ina aika musu kwano ɗaya. Na auna da idona, na ga in aka tafi a haka, aka haɗa da tafasa da rama, zai kai mu har sabon gero ya nuna. Zai kai, amma da ƙyar.

Alhaji ya aiko mijina. Ya ce a fito da geron a kai sito, gida ɗaya ne, awo ɗaya ne, kuma babba ne ke awo. Na ce a'a. Ya sake aiko shi. Na ce a'a. Rannan sai ga Alhaji da kansa a tsakar gida. Tun da na zo gidan, gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, ina durƙushe, ban taɓa kallon fuskarsa ba.

Ya ce, “Ke 'yar Bodinga, a gidanga mace ta fara riƙon abinci?”

Na durƙusa yadda aka saba. Na ce, “Yaya, na gayauna ne. Ɗiyanka suna ci, Inna tana ci, kai ma kana ci. Dafaffe zan bayar. Ɗanye ba ya fita.”

Ya ce, “Kin san da wa kike magana?”

Na ce, “Da mai mabuɗin sito.”

Ya juya ya fita. Matarsa ba ta yi mini magana ba ranar, amma ta turo 'ya'yanta da yamma, na zuba musu.

Abin da ke cin Alhaji na san shi. Baƙi ne. Tun da mulki ya faɗi, mutane ke zuwa yi masa jaje, daga Lambara, daga Horo Birni, har daga Sifawa. Rabinsu ba jaje ya kawo su ba, yunwa ce, sun saba gidan ana ci. Shi kuma ba zai iya barin baƙo ya tashi daga zaurensa bai sha fura ba. Za a ce gidan Alhaji ya faɗi. Ya fi son a ce komai da a ce wannan.

Ana cikin haka aka aiko daga Bodinga cewa innata ba lafiya. Na goya jaririyata. Na auna geron 'yan kwanaki na ba tsohuwa, na ce ta riƙa dama wa yara. Kafin in fita na tsayar da mijina a ɗaki, na nuna masa gado. Ya ce in tafi, ba abin da zai faru. Ya rantse.

Da na dawo, tun daga zaure na ji. Ƙoren fura a jere, ƙudaje a kai, maza a zaune suna sakace. Ɗaya har ya ce mini sannu da hanya, ya ce Allah ya ƙara wa gidan nan albarka. Na wuce. Gadona a karkace yake. Randuna biyu a buɗe, har an share gindinsu da tsintsiya. Ta ukun ba su gan ta ba, tana can ƙurya inda na jibga tabarmi.

Mijina ya shigo ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce Yaya ne ya kira shi gaban mutane, ya tambaye shi ko shi ke auren matarsa ko ita ke aurensa. Ya ce ƙane ba ya musu da wa. Ya ce rufin asiri ne, asirin gida kuwa na kowa ne. Ya yi ta magana. Na tambaye shi abu ɗaya, ko yaran sun ci daga ciki. Ya ce sun sha fura, in baƙi sun rage.

Ban yi kuka ba, ban yi zagi ba. Na fasa bakin randa ta uku. Ba ta ɗaukuwa, a binne take kuma a tsage. Na shimfiɗa zannuwana, na kwashe geron da ƙwarya na ƙulle ƙunshi-ƙunshi. Na haɗa da garewanin wake da kukata da gabuna. Na nemi mai jaki. Na ɗebar wa tsohuwa rabonta na kai mata ɗaki, na ce ta sa ƙarƙashin matashinta kada ta nuna wa ɗanta. Ta riƙe mini hannu, ba ta ce in zauna ba.

Ta zaure na fita, da rana tsaka, jaki a gaba, yarana a baya. Ba wata ƙofar. Alhaji ya ce a hankali in koma ciki, ana kallo. Na ce su kalla.

A Bodinga muka yi daminar. Randa ɗaya ba ta isa ba. Na yi surfen mutane ana biyana da dusa. Na yi cirar ciyawa a gonakin albasa. Mun ci tafasa har yara suka daina tambayar me aka dafa. Nonona ya ƙafe, jaririyar ta koma kunu tun ba ta isa ba, ta rame har ina jin tsoron yi mata wanka. Ta rayu. Yarana duk sun rayu. Amma ƙaramar 'yar Alhaji, wadda ke zuwa ƙofata da ɗan kwanonta tun kafin in sauke tukunya, ba ta ga kaka ba. Aka ce zazzaɓi ne. Na san abin da ke cikin randunan nan biyu, na san bakin yara nawa zai ciyar, kuma na san cikin waɗanda ya shiga.

Bayan an yi girbi mijina ya zo biko da dattawa. Suka yi ta ba ni haƙuri, suna cewa mace ba ta fita da abinci daga gidan miji. Na ce abincina ne. Na koma, don gayaunata tana can, kuma yara suna son ubansu. Amma na raba tukunya. Ban sake aika kwano zaure ba.

Alhaji ya yi tsawon rai. Yana zama a ƙofar gida, yana ba samari labarin shekarar yunwa, yana cewa duk garin nan gidansa ne kaɗai ba a daina dama fura ba, baƙo bai taɓa tashi da yunwa a zaurensa ba. Mutane suna gyaɗa kai, don gaskiya ne, sun sha. Ina jin sa daga cikin gida. Ranar da ya rasu aka yi ta faɗin kyautarsa, mata suna zuwa suna yi mini gaisuwa, suna cewa mun yi rashin mai ciyarwa. Na ce Allah ya ji ƙansa, don haka ake cewa. Ban ƙara komai a kai ba.