Keken da Ya Ƙwace Mini Baranda

Shekarar da aka yi mini aikin ido ce, bayan cutar nan da ta rufe masallatai ta lafa, kafin auren autata. A lokacin ne jikana ya shigo mana da keke gidanmu na unguwar Faisal, ya saɓo shi a kafaɗa har hawa na biyar, yana lallaɓa shi kamar jinjiri.

Ba yaro ba ne fa. Gemu gare shi, sa'o'insa duk sun yi iyali. Wai tsere zai shiga a hanyar tsakuwa cikin hamada, kwana da kwanaki ana tuƙi. Na ce, "Angona, wa ya biyo ka?" Ya ce ba kowa. Na ce, "Me aka ajiye a can ƙarshen?" Ya ce, "Kaka, isar ita ce abin."

Da a nan ya tsaya, da na bar shi da haukarsa. Ya aske gashin ƙafa, ya sayo wando mai ɗame jiki da soso a gindi, tuwona ma sai ya auna shi kafin ya ci. Duk na shanye. Amma sai ya taɓa baranda.

Ni gwiwoyina sun daina matakala. Barandar nan ita ce kasuwata, ita ce zaurena. Daga nan nake zura kwando da igiya mai burodi ya sa mini, daga nan nake sanin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. Sai na tashi na tarar an mayar da kujerata falo, an kafe keken a wani ƙarfe. Wai zai riƙa tuƙi cikin rana don jikinsa ya saba da zafi. Na kai ƙara wurin ubansa, ɗan da na haifa, wanda ko sunansa ba na faɗa don kara. Ya ce, "Ma'alish, Hajiya, yi haƙuri, kwana nawa ne." A gidan da na ba kowa nono ko goyo!

To, Larabcina na kasuwa ne, amma yana isa tsiya. Washegari jikan yana tuƙi, gumi na ɗiga, na tsaya bakin ƙofa na kira maƙwabciyata Bamisriya da barandarta ke kallon tamu. Na ce, "Taya ni addu'a, maigidana ya kama hanyar Aswan, can ƙarshen ƙasa!" Ta leƙo, ta ga ƙato yana gudu bai gusa ba, ta rangaɗa guɗa. Kafin azahar layi ya ɗauka. Mai burodi ya ɗaga kai yana tambayar ko ya wuce garin Asyut. Ɗaliban Kano da ke haya a ƙasanmu suka riƙa cewa, "Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen can." Maƙwabciyar tawa har saƙon dabino ta ba shi.

Ya daure, wannan kam na yaba masa. Ya toshe kunne da waya. Amma ran da yaran layi suka jeru a ƙasa suna tuƙa iska da ƙafa, sai ya sauko ya dube ni ya ce, "Khalas, shi ke nan, amarya, kin ci." Ya kwance keken, na mayar da kujerata.

Daga nan sai ya koma fita bayan asuba. Ina zaune ina ganinsa yana kutsawa babban titi tsakanin ƙananan bas ɗin nan da direbobinsu ba su san birki ba, ya nufi hanyoyin gona ta wajen Sakkara. Kwandon ma sai in manta da shi a ƙasa. Wata rana ya dawo hannu a saɓule, riga duk jini. Uwarsa na wanke ciwon, ba ta ɗago ba ta ce, "Ai kin samu barandarki, Hajiya." Na ce, "Da ma tawa ce."

Na dai yi masa alfarma, na ce ya dawo da keken lokacin da nake barcin rana. Ya yi dariya ya ce babu tsakuwa a baranda, kuma sai da ya fita ya gane bai iya komai ba. Ya je tseren, ya dawo baƙi wuluk, leɓe a tsattsage, bai zo na ɗaya ba, bai zo kusa ba. Amma ya isa, kuma duk gidan babu wanda ya ce mini na gode.

Mai burodi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗaliban sun gama sun koma gida. Maƙwabciyata na nan, kunne ya tafi, baki bai tafi ba. Jikan yana nan da ƙafafunsa biyu, har yanzu ba mata. Ni ma ina nan, kuma ba wanda ya sake taɓa mini kujera.