Facin Jan Zare a Fiffiken Shaho

Ranar wata Laraba da damina, shekarar da nake aji uku a firamare, ina tsugune a tsakar gidanmu na Kano ina tarar ruwan indararo a bokiti, sai ga Baba ya shigo da wata baƙar adakar ƙarfe a kafaɗa, ba kaki a jikinsa. Umma ta fito daga madafi tana tambayarsa hutun kwana nawa aka ba shi. Ya ajiye adakar a baranda, ya share ruwan fuskarsa, ya ce, "Na dawo ke nan. An rushe rundunar." Baba makanike ne na jirage masu saukar ungulu a wata ƙaramar runduna ta sojan ruwa a Legas. Jiragen sun tsufa, kayan gyara sun ƙare, sai aka rufe wurin, aka watsa mutanen, wasu kuma irin su Baba aka sallame su. Ni dai a ranar murna nake yi, don Baba ya dawo gida.

Abu huɗu ne a cikin adakar: wata hular kwano mai gilashi, littafin da yake rubuta gyaran kowane jirgi, hotonsa da abokan aikinsa a jere a gaban jirgi, sai bajon rundunar, wanda ake ɗinkawa a kafaɗar riga. Bajon bai wuce tafin hannuna ba, farin shaho ne ya buɗe fukafukai a kan shuɗiyar igiyar ruwa. Duk Asabar da hantsi, muna shara muna ba awaki dusa, Baba zai shimfiɗa tabarma ya shanya kayan nan saboda asu, ya zauna yana gadinsu da rediyo a gefe. Idan kaza ta matso ya kore ta, idan mu ne ya kore mu. Yakan ce, "Jirage sun tafi, mutane sun watse, wannan ne ya rage."

A makaranta kuwa na sha tsiya. Da na ce ubana sojan ruwa ne mai gyaran jirgin sama, Rakiya, wadda muke benci ɗaya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce in zaɓi ɗaya, ko ruwa ko sama, ƙarya biyu ta yi yawa. Daga nan duk lokacin tara, ana 'yar gala-gala, sai a riƙa tambayata ko a kududdufin bayan makaranta Baba yake aiki. Ni kuma tun ina ƙarama ban iya haɗiye magana ba. Ranar Litinin, Baba ya tafi masallaci da asuba, na zare makullin adakar daga aljihun rigarsa na ɗauke bajon, na tafi da shi makaranta.

Na rufe wa Rakiya baki kam, amma bajon ya zagaya hannun 'yan aji duka, ya dawo min da maiƙon awara. Na wanke shi a ɓoye a bayan randa, na zuba garwashi a dutsen guga don in busar da shi kafin la'asar. Tartsatsi ɗaya ya faɗo ya huda fiffiken shahon na hagu. Wallahi har yau ina jin ƙaurin. Umma tana ɗinkin hula, na birkice gwangwanin zarenta ban sami fari ba sai ja, haka na cike ramin da ɗinki karkatacce, na mayar na kulle. Asabar ta zo, na ƙi fitowa daga ɗaki, na ce cikina ke ciwo. Baba ya shanya kayansa ya kwashe bai ce komai ba. Na ɗauka idonsa ne ya fara rauni, na ci gaba da rayuwa da abin a raina, na yi aure da shi, na haihu da shi.

Yanzu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin nake, ina saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu ina aika wa 'yan kasuwar gida. Bara Baba ya kira ni ya ce tsofaffin abokan aikinsa da suka rage sun sami wani ɗaki za su tara kayan tarihin rundunar, kuma kowa yana son bajo irin na da. An bincika, nasa kaɗai ya tsira. Ya aiko min da shi ta hannun wani Alhaji don in sa a yi musu irinsa, a naɗe cikin hankici, ya ce, "Uwata, amana ce." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa.

Na kai wa wata dattijuwa mai keken surfani a wani lungu a unguwar Liwan. Na san halin masu aikin nan, samfurin takalmi idan ka ba su farke shi suke yi su ga cikinsa. Saboda haka na tsaya a kanta da waya mai fassara ina nanatawa: kada a yanka, kada a farke, a yi shi daidai yadda yake, kada a canja komai. Ta yi ta gyaɗa kai tana cewa, "Hao, hao, laoban," wato "To, to, uwar ɗakina." Bayan mako guda na koma. Ta miƙo min na asali lafiya ƙalau, na yi ajiyar zuciya. Sai ta buɗe kwalin sababbin. Kowane shaho da jan faci karkatacce a fiffiken hagu, har da ɗan zaren da na manta ban yanke ba. Ta yi abin da na ce, ba ta da laifi ko kaɗan.

A bakin shagon na zauna na kira Baba ta bidiyo, ga masu turin kaya suna ta wucewa. Ni da jika a gida, amma muryata ta koma ta 'yar aji uku. Na nuna masa, na faɗa masa komai, daga Rakiya har dutsen guga, na ce zan sa a sake. Ya matso da fuskarsa jikin wayar, ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Uwata, ni da nake gano tsaga a jikin ƙarfe, jan zare ne zai ɓace min? Tun Asabar ɗin na gani."

"To Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na ga kin gyara. Bar su haka. Jiragenmu ma da faci suke tashi, ni nake yi musu."

Na yi kuka a titin mutane, dattijuwar ta fito min da ruwan zafi a kofin takarda ba ta san dalili ba. An turo min hoton taron buɗe ɗakin tarihin daga baya, tsofaffi da sanduna a jere kamar a hoton nan na cikin adaka, sai dai layin ya gajarce ƙwarai, kowa da ɗinkina a kafaɗa. A da tabarma ɗaya da mutum ɗaya ke gadin tarihin nan daga kaji da yara, yanzu yana cikin gilashi, ba mai korar kowa. Ina kewar hantsin Asabar ɗin nan, har da korar. Ashe shekarun nan duka ni kaɗai nake ɓoye abin da aka riga aka yafe min.