Sista Agogo da Rakiyar da Ba Ta Ƙarewa

Duk wanda ya san Sista Agogo ya san agogo biyu take ɗaurawa: na dama lokacin Katsina, na hagu lokacin garinsu can Koriya. Sunanta na gaskiya kuwa, ku ma shaida ne, harshenmu ya gaza, muka haƙura muka laƙaba mata wannan. In abu ya ɗaure mata kai, wato sau goma kafin azahar, sai ta duba na dama, ta duba na hagu, ta ɗago ta ce mini, "Mama Rifkatu, wannan ba ya cikin littafi."

Littafin nan ofishin mishan ɗinsu ne ya ba ta, wai an rubuta duk abin da za ta tarar a ƙasar Hausa. Kayya! Shekara biyu suka ba ta na gwaji, ta buɗe ɗakin wankin ciwo da ajin karatun manya. In aiki ya tafi bisa tsarin da suka zana, ta zauna. In bai tafi ba, ta tattara ta koma. Ita kuwa ba ta bar kowa can ba, iyaye sun rasu, gidan ma ta bayar. Ni ce maƙwabciyarta, cocinmu ɗaya, don haka duk ruɗewarta a kaina take ƙarewa.

Satinta na farko, Hajiya Indo da ƙofarta ke kallon tata ta ce, "Sista, ina gajiya?" Baiwar Allah ta tsaya ta yi tunani tsakani da Allah, ta ce, "Akwai sosai. Baya yana ciwo, barci babu." Kafin la'asar mata sun cika gidan, wannan da kunu, waccan da man zafi. Wadda ta ƙetaro teku don duba marasa lafiya, ita aka kwantar bisa tabarma ana matsa mata ƙafa. Ta leƙo ta tsakanin kafaɗun mata ta ce, "Mama Rifkatu, mutuwa zan yi?"

Na ce, "A'a, gaskiya kika faɗa wurin gaisuwa. Gobe ki ce babu gajiya."

"Amma akwai!"

"Ki riƙe abarki."

Sai maganar kwano. Hajiya ta aiko da dambu, Sista ta wanke kwanon tas ta mayar fanko. Na ce mata kwano ba ya komawa haka nan, ko goro ne a sa. Shi ke nan na jawo wa unguwa! Ta sayo kabeji a Babbar Kasuwa, ta jiƙa da barkono irin na garinsu har ya yi tsami, ta cika kwanon. Hajiya ta buɗe, ta rufe, ta aiko aka kira ni.

"Rifkatu, mi na yi wa matar nan?"

"Abincinsu ne na girmamawa, Hajiya."

"Akuya ma ta shinshina ta juya."

Amma ta aika cewa an gode ƙwarai, ya yi daɗi, Allah shi saka. Sista ta yi murna ta rubuta a gefen littafi: Hajiya tana son kabeji. Shekara goma sha ɗaya tana aika mata duk Juma'a, Hajiya tana godiya, ba wadda ta fasa.

Rakiya kuwa ita ta fi ba ta wuya. Ranar da ta fara zuwa gidana na raka ta har ƙofarta. Na juya ke nan sai na ji takalmi bayana.

"Ina zuwa, Sista?"

"Kin raka ni. Zan raka ki."

Muka iso ƙofata. To yanzu ga baƙuwa a ƙofar gidana, ya zan bar ta ta tafi ita kaɗai? Na sake taka mata. Ta sake biyo ni. Sau huɗu muna kai da kawo a lungu ɗaya, mai shagon kwana ya bar awon shinkafa yana kallo. A na biyar ta tsaya tana haki, ta duba agogo biyun ta ce, "Wa yake tsayawa?" Wallahi ni ban taɓa gamuwa da wanda bai san inda ake tsayawa ba.

Da wa'adi ya cika, mutanen mishan suka turo wani fasto mai jaka daga Koriya, shi zai yanke ko ta zauna ko ta koma. Sati guda Sista ba ta da sukuni. Ta goge benci, ta jera allo, ta roƙi kowa ya zo aji ƙarfe tara daidai. A ranar kuwa, da asuba, mijin Hajiya Indo ya rasu. Tara ta yi, ba kowa. Goma ta yi, faston yana ta rubutu, Sista tana duba hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Can ta miƙe ta yafa gyale.

Ya ce, "Ina aikin?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ni dai mijin maƙwabciyata ya mutu."

Ta bar shi nan zaune. Na ce a raina shi ke nan, ta koma Koriya. Da ya gaji ya leƙo, maza suka jawo shi kan tabarmar zaman makoki, ba ya jin ko kalma ɗaya. Daga inda yake yana ganin mata suna shiga suna fita, kowa na tambayar ina Sista, don Hajiya ta riƙe hannunta ta ƙi saki. Da zai tafi, mutum ya kai ashirin suka taka masa har bakin titi. Ya tambayi Sista a tsorace ko korarsa ake yi. Ta ce, "Rakiya ce. Kada ka rama, ba za ka tafi ba yau."

Me ya rubuta oho, ba mu gani ba. Takarda dai ta zo cewa ta zauna. Ta karanta sau uku ta ce, "Ban gane ba. Ba wanda ya zo aji."

Har ta koma ga Ubangiji ba ta gane ba. Ranar da muka ɗauke ta, matan unguwa suka taka mata har bakin lungu, Hajiya Indo na gaba da sandarta tana kuka wiwi, tana cewa wa zai ƙara kawo mata ruɓaɓɓen kabeji. Mazansu suka biyo mu har ƙofar maƙabartarmu. Da aka gama kowa ya watse, na kama hanyar gida ina ta waiwaye, ina jiran takalmin nan bayana. Ranar ce kaɗai na raka ta ba ta rama ba.

Ubangiji ya ba ki hutu, Sista. Yanzu kya iya cewa babu gajiya, kuma gaskiya ce. In namu lokacin ya yi, ki fito ki tarye mu a ƙofa.