Fankar da Izzuddeen ya aiko wa Hadijatu

Hadijatu a Ƙonni aka haife ta, aure ya tsallako da ita Illela. Mijinta Abdulƙadir fataucin albasa yake yi, rabin shekara yana kan hanya. Zaman kaɗaici ne ya sa ta fara ɗaukar hoton matan unguwa da wayarta. Da aka ga hannunta na da kyau, sai aka riƙa kiranta biki da suna, domin tana shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji mai hoto ba ya kaiwa. Daga baya ta sayi kyamara da tsohuwar laftof, ta koya wa kanta haɗa bidiyo.

A kan katifa take aiki, ta ɗora laftof ɗin bisa filo saboda ciwon baya da ta samu tun haihuwarta ta fari. Da bazara ta kama, sai na'urar ta soma huci kamar an hura gawayi a cikinta, ana tsaka da aiki ta mutu.

Ƙanenta Izzuddeen ya aiko mata da wani faranti mai fanka biyu daga Ƙonni, wanda ake ɗora kwamfuta a kai ya riƙa hura mata iska ta ƙasa. Sai dai daga jikin laftof ɗin yake shan wuta. In ta jona shi zafi ya ɗan ragu, batir kuma ya ƙare da wuri, ga wutar lantarki ba kullum ba. In ta cire shi, na'urar ta mutu. Ta rasa wanda za ta zaɓa.

"Mi za ki yi da fanka bisa fanka?" in ji Abdulƙadir. "Iskan ɗakin ga ma zafi gare shi."

Ana cikin haka ta ɗauki wani biki a ƙauyen Araba. Kakar amarya, Inna Tasalla, tsohuwar da ta daɗe ba ta fita ko ƙofar gida, ranar nan ta miƙe da sandarta ta taka rawa, mata na guɗa. Ba a jima ba Allah ya yi mata rasuwa. Bayan an share makoki, 'yarta Ummu ta zo Illela da kanta.

"Ba bikin muka so ba, Hadijatu. Wurin da Inna ta tashi, shi kaɗai. Ba mu da hotonta ko guda."

Hadijatu ta ce to, ta hau aikin. Duk sanda ta sa bidiyon ya haɗu, sai ya kai rabi na'urar ta ɗauke. Ta gwada da farantin, ta gwada babu shi. Har tsoro ya kama ta kada na'urar ta sake mutuwa ta tafi da hotunan gaba ɗaya.

Ta naɗe laftof ɗin a zane ta kai wa Mukhtari mai gyara a bakin kasuwa. Ya fara kwashe mata bidiyon a wani ma'aji daban, sannan ya kwance bayan na'urar. Ya nuna mata fankar ciki, ƙura da zaren auduga sun dunƙule a kanta kamar tsumma.

"Hajiya, bisa mi kike aza ta?"

"Bisa filo."

"To shi ya toshe mata hanci. Farantin nan ba laifi, shina taimako kaɗan. Amma iskan da ba shi da hanyar shiga, ina amfaninshi?"

Ya share fankar, ya sabunta man rage zafi da ke kan zuciyar na'urar. Ya ce ta nemi tebur, ta jona farantin in akwai wuta, in babu ta tokare bayan laftof ɗin da katako don iska ya ratsa. Aiki mai nauyi kuma ta yi shi da sanyin safiya.

Washegari bayan sallar asuba ta zauna a tsakar gida, kan teburin da ta aro a maƙwabta. Bidiyon ya haɗu har ƙarshe. Ta tura shi a wayarta, ta hau babur ta kai Araba. Matan gidan suka taru a rumfa, Ummu ta riƙe wayar. Da tsohuwar ta ɗaga sandarta a bidiyon sai aka fashe da dariya, can kuma wasu suka hau share ido da bakin mayafi. Suka ce a sake sawa.

Tun daga nan, duk bikin da Hadijatu ta je, kafin ta juya kan amarya sai ta nemi tsofaffin gidan ta zaunar da su a inda haske yake. Wasu su ƙi, wasu su ce ta jira su sake ɗankwali. Tana jira.