Ranar da Motar Gidan Yaya Ta Tafi Ta Bar 'Ya'yana

Edita, sallama da fatan alheri gare ku da masu karatu. Ni 'yar asalin Gumel ce, aure ne ya kawo ni Kano. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya same ni, wato shekarun da wayar salula ta fara shigowa gari, sai a hannun masu hali ake ganinta, ina aiki a wani kamfanin alewa da biskit a Sharaɗa, a ɓangaren da ake jera kaya a kwali. Maigidana kuma yana gyaran injina a wani kamfanin jima a Challawa. Muna haya a Zawaciki da 'ya'yanmu biyu: 'yar fari mace, tana aji uku a firamare, da ƙaninta da bai daɗe da shiga nazare ba. Ba mu da yawa, amma ba mu rasa ba. A wancan lokacin ni mace ce mai tsananin kunya, musamman ta dangin miji. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ina ganin abin ado ne a ce da ni ba a taɓa jin bakina a gidan surukai ba.

Makarantar yaran tana Sharaɗa. Ni motar kamfani ce take ɗaukata ana idar da sallar asuba, ba na tashi sai bayan la'asar, don haka kai su da ɗauko su yana wuyan babansu. Yana da wata tsohuwar mota Fijo da yake ji da ita kamar me. Da safe ya sauke su ya wuce aiki, da azahar lokacin cin abinci ya fito ya ɗauko su ya kai wa maƙwabciyarmu, ya koma. Haka muke yi tun shigar yarinyar makaranta, har wata safiya a farkon damina injin motar ya buga a kan hanyar Panshekara. Bakanike ya duba ya ce sai an sauke injin gaba ɗaya, an nemo kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa. A lokacin kuwa kamfanin su maigidana ana ta rage ma'aikata, albashi ba ya zuwa a kan kari, sai motar ta zauna a garejin bakanike tana jira.

Da na nuna damuwa kan makarantar yara, maigidana dariya ya yi. Ya ce in kwantar da hankalina, ai ga gidan Yaya. Yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan kwangila ne da yake kai wa kamfanonin Bompai kaya, gidansa ba nisa da namu, yana da motoci biyu da direba, kuma 'ya'yansa makaranta ɗaya suke da namu. Mutum ne da ba zan ce bai taɓa yi mana alheri ba, domin ragon sunan ɗana ma shi ya saya. Maigidana ya je ya gaishe shi, a cikin hira ya ambaci cewa mota ta lalace. Yaya ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ƙara da cewa ai babu komai. Da ya dawo na tambaye shi ko sun yi maganar yara, ya ce me kuma za a tsaya faɗa, ai Yaya ya gane. Iyakar abin da aka yi ke nan. Babu wanda ya roƙa, babu wanda ya yi alkawari. A kan wannan “babu komai” muka ɗora 'ya'yanmu.

Kwanakin farko lafiya lau. Maigidana yakan raka su ƙofar gidan Yaya kafin ya hau acaɓa ya tafi aiki, direba ya kwashe su gaba ɗaya. Daga baya abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Wata rana su iso a ce mota ta riga ta tafi, sai baban ya ɗora su a acaɓa ya makara wajen aiki. Wata rana matar Yaya ta aiko a ce yara su riƙa jira a bakin titi, don shigowarsu da sassafe tana hana Alhaji barci. 'Yata ta taɓa gaya mini cewa a cikin mota ita take ɗora ƙaninta a cinya saboda 'yan gidan sun ce ana matse su, kuma in an tashi daga makaranta direba ba ya nemansu, sai dai su yi ta zuba ido, in sun hango motar su ruga. Na ji zafin maganar, amma abin da na ce mata shi ne ta riƙa yin haƙuri, kuma kada in ji ta faɗa wa kowa.

Akwai wata abokiyar aikina 'yar Kafanchan, tebur ɗaya muke tsayawa. Da na ba ta labari sai ta ce mini akwai wani dattijo ɗan cocinsu mai ƙaramar bas, aikinsa ke nan kai yara makaranta da dawo da su, har nata yana ɗauka, kuma ba ya tashi sai ya ga kowane yaro da idonsa. Ta ce in ina so za ta yi masa magana. Na koma gida da murnata na faɗa wa maigidana, sai ransa ya ɓaci. Ya ce so nake a zage shi a dangi, a ce yayansa yana da motoci a ajiye amma 'ya'yansa suna hawa motar haya? Ya ce in Yaya ya ji, zai ɗauka raini ne. Na ce to ko zai koma ya yi wa Yayan magana a fili, a san matsaya. Ya ce shi bai taɓa buɗe baki ya roƙi Yaya abu ba, ba kuma zai fara yanzu ba, tunda mota ta kusa fitowa. Na yi niyyar in je da kaina wajen matar Yaya, har na sa mayafi wata Lahadi, da na isa muka gaisa, ta kawo mini ruwa, muka yi hirar tsadar kayan miya, na tashi na dawo ban ce komai ba.

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar damina. Tun hantsi hadari ya haɗo, wajen azahar aka tsuge da ruwa irin wanda a cikin kamfani ma ba ka jin ƙarar inji sai ta rufin kwano. Ina aikina hankalina kwance, har ina cewa a raina gara da yaran suke cikin mota. Abin da ban sani ba shi ne, a ranar akwai kamu a dangin matar Yaya a cikin gari, ta ce wa direba ya je da wuri ya ɗauko mata yara ya wuce da su can kai tsaye. Ya je tun ba a tashi ba, ya karɓi 'yan gidan, ya tafi. Daga baya da aka tambaye shi ya ce shi yaran gida aka ce ya ɗauko, ya zaci Hajiya ta sanar da mu. Ita kuma ta ce ta zaci zai haɗa da namu ya sauke su a hanya. Yaya yana Bompai, bai ma san ana yi ba.

Aka tashi, iyaye suka yi ta zuwa suna kwashe 'ya'yansu, makaranta ta watse. Nawa suka rakuɓe a baranda suna jiran mota. Malamai sun saba ganinsu suna shiga motar Alhaji, babu wanda ya kawo komai a ransa. Da ruwa ya ɗan tsagaita, yaron ya fara kukan yunwa da sanyi, sai yayarsa ta tuna cewa wajen aikina ba shi da nisa sosai, ta taɓa ganin ƙofar kamfanin daga cikin motar babanta. Ta rataya jakarta da tasa, ta kama hannunsa, suka fito za su zo wurina. Wanda ya san titin Sharaɗa bayan ruwan sama ya san yadda yake: ruwa ya shafe titi da kwata, ba ka bambance inda kwalta ta ƙare, ga manyan motoci suna wucewa suna watso ruwa. Wata tirela ta taho, yarinyar ta ja ƙaninta gefe don su kauce mata. A gefen nan babbar kwata ce mara murfi, ta cika ta batse tana gudu. Ƙafarsa ta zame, hannunsa ya suɓuce daga nata.

Mai gadin kamfaninmu ne ya shigo ya kira ni, ya ce ana nemana a bakin ƙofa. Na fito na tarar da wani mai faci riƙe da 'yata, ta jiƙe sharkaf, jaka biyu a kafaɗarta, ba takalmi a ƙafarta ɗaya. Ba ta kuka. Da ta gan ni abin da ta ce kawai shi ne, “Umma, na riƙe shi, wallahi na riƙe shi.” Ban fahimta ba sai da mutumin ya yi mini bayani yana kawar da kai. Ban san yadda na isa wurin ba. Na dai tuna ma'aikatan kamfanoni da 'yan acaɓa sun cika bakin kwatar suna bin ta da sanduna, wasu sun tuɓe riguna sun shiga. Abokiyar aikina tana riƙe da ni don kada in faɗa. Dab da magariba aka same shi can ƙasa, inda shara ta toshe wata ƙaramar gada, da rigar makarantarsa a jikinsa.

A gidan Yaya aka yi zaman makoki, don ya fi namu fili. Ya yi hidima sosai, ya sa an kafa rumfa, an dafa abinci, ya zauna tare da ƙaninsa yana karɓar gaisuwa, na kuma ga hawaye a idonsa. Matarsa ta rungume ni ta yi kuka, ta ce kwana ne ya ƙare. Kowa ya zo abin da yake faɗa ke nan, kuma na yarda, domin ni Musulma ce, na san babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma har aka share makoki babu wanda ya ambaci mota. Surukata ta kira ni ɗaki ta ce in yi haƙuri, kada in bari shaiɗan ya shiga tsakanin 'yan'uwa, maganar ta mutu a nan. Na ce to. Ko a ranar ma kunyar ba ta sake ni ba.

Bayan 'yan makonni bakanike ya aiko cewa mota ta tashi. Maigidana ya je ya ɗauko ta, ya ajiye a ƙofar gida, ya shigo ya zauna a tsakar gida ya haɗa kai da gwiwa. Bai sake tuƙa ta ba, daga baya ya sayar. Tun daga lokacin ya zama wani mutum daban, ba ya hira, ba ya zuwa gidan Yaya sai da salla, su gaisa sama-sama. Ba su yi faɗa ba, ba su kuma koma kamar da ba. Ni da shi ma haka muka zauna, kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa da nasa, babu mai iya furtawa. Na bar aikin kamfani, domin ba zan iya bin wannan titin kullum ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce 'yata. Ta daina wasa, ta daina cin abinci sosai, in hadari ya taso sai ta shige ɗaki ta toshe kunnuwa. Ni kuma baƙin cikina ya rufe mini ido, ga kunyar 'yar fari da ta hana ni jawo ta jikina. Na ɗauka yarinya ce, za ta manta. Sai da ta girma, ana shirin aurenta, wata rana muna tsince shinkafa mu biyu, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago kai ba ko na yafe mata. Na ce me ta yi mini? Ta ce ƙaninta da ta saki. Edita, ashe duk shekarun nan yarinyar nan tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, tana ganin shirun da ake yi a gida saboda ita ake yi. A ranar na riƙe ta na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun a bakin ƙofar kamfani: cewa ita kaɗai ce a cikinmu ta yi iya ƙoƙarinta, mu manya ne muka sake su. Mun yi kuka har shinkafar ta jiƙe.

Ban rubuto don in tona asirin kowa ba, kuma ban riƙe dangin mijina a zuciya ba. Ba mugunta suka yi ba. Nauyi ne muka ɗora musu ba tare da mun tambaya ko sun karɓa ba, su kuma suka ji nauyin cewa a'a, sai kowa ya riƙa zaton ɗayan yana lura. Da mun roƙa a fili sun ce ba za su iya ba, da mun ji haushi na kwana biyu, mu nemi wata hanya.

Ina kira ga iyaye, musamman mata irina da suke fita aiki. Kasancewar mutum ɗan'uwan mijinki ba ta sa 'ya'yanki su zama aikinsa. In za ki ba da amanar yaro, buɗe baki ki faɗa, ki ji amsa da kunnenki, ki san wane ne zai kai, wane ne zai ɗauko, me za a yi ranar da bai samu dama ba. In kika ga alamar an gaji, kada ki jira a faɗa miki. Kuma ku mazaje, abin da dangi za su ce bai kai ran yaro ba. Ni na tsare kunyata a gidan surukai, har yau ana yabona da ita, amma ɗana yana kwance a maƙabarta tun bai iya rubuta sunansa ba. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, su sa mu ma.