Battar Tabar Baƙo

Baƙo ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni da damina biyu, kuma tun muna Salka nake jin haushinsa. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka yabonsa na zauna rubutawa. Ni Irmiya na yi makarantar mishan, na iya karatu da lissafi, har takalmi gare ni. Shi ko bihim bai sani ba. Amma ka ba shi abu ya taɓa, sai abin ya yi kyau, ya kuma wuce ko waiwaye ba ya yi. Wannan rashin waiwayen ya fi komai ci mini rai.

Sana'ar gidansu dafa gishirin da maharba ke haɗa albarushi da shi. Yakan kankaro ƙasar tsohon kango, ya tace, ya dafa ruwan, ya ajiye tukunyar a inuwa har farin gishiri ya fito kamar allurai. Kullum yana rage ɗan kaɗan daga tsohuwar tukunya ya jefa a sabuwa, yadda mace ke rage tsohon nono ta zuba wa madara. Iri yake kiransa. Da wannan sana'ar ya auri Ruka, ya gina ɗaki biyu a Kontagora, ni kuwa ina ta yawon neman aikin akawu.

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya yi wuya, sai aka turo mana Kontagora wani Bature masanin haɗa magunguna, wai ya duba ko ɓawon maɗaci zai maye gurbinsa. Ya sauka a wani tsohon gidan baƙi da akwatuna sha ɗaya, mutanen gari suka sa masa Mai Kwalabe. Ya ɗauke ni don ina jin Turanci. Baƙo kuwa itace da ruwa kawai aka ɗauke shi kawowa, kuma ni na yi masa hanya. Ban taɓa yafe wa kaina wannan alherin ba.

Aikin a baki ba wuya. A daka ɓawo, a jiƙa a sifirit, a tace, a ƙafar da ruwan a kan wuta. Abin da Mai Kwalabe ke nema shi ne ɗacin ya fito shi kaɗai, ƙwayoyi farare masu ƙyalli, don sai abu ya fita tas ake iya sanin ko mene ne. Wata huɗu muna yi, ba abin da ke fitowa sai wani jan danƙo kamar maɗi. Bature ya rame, ya fara zagin kwalabe da sunan uwayensu. Ya kuma shaida mana cewa in aikin ya yi, zai tafi da mutum ɗaya ɗakin bincike na Kaduna, da farar riga da gida. Ban ga wanda za a ɗauka ba in ba ni ba.

Wata rana da hantsi Baƙo ya ajiye tulu, ya leƙa kwalbar da nake girgizawa.

"Malam, kana damun ta," in ji shi. Malam yake ce mini, da wata murya da ban taɓa gane ko girmamawa ce ko tsiya ba. "Abu mai son haihuwa ba a girgiza shi."

Na yi dariya na fassara wa Bature don shi ma ya dara. Bai dara ba. Ya miƙa masa kwalba ɗaya daga waɗanda za a zubar. Baƙo ya ƙara mata sifirit kaɗan, ya karce cikinta da tsinken gilashi, ya binne ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ya hana kowa taɓawa. Rana ta tara ya tono ta. Ga ƙwayoyin nan a gindi, farare sol, suna ɗaukar ido. Mai Kwalabe ya kama hannun Baƙo da hannu biyu yana jijjigawa. Wata huɗu ina gabansa, ko yatsana bai taɓa riƙewa ba.

Ni aka ba gwajin. Ana cusa ƙwaya a siririn bututun gilashi, a ɗaure shi jikin ma'aunin zafi, a tsoma cikin mai, a riƙa ɗumamawa a hankali. Abu mai gauraye yakan yi ta jan jiki kafin ya narke. Mai tsabta kuwa lokaci ɗaya yake zama ruwa, a kan lamba ɗaya, kuma lambar nan ita ce shaidarsa. Na Baƙo ya narke a ɗari biyu da shida, tsaf. Na maimaita sau uku ina fatan ya kuskure, ya ƙi.

Aka tattara abin da aka samu duka aka aika Ikko, suka ce a ƙaro. Baƙo ya koma gindin randa, yanzu kwana biyu kacal yake yi ƙwayoyin su fito. Ruwa ba ya tsami banza, sai na sa masa ido. Ashe ya rage 'yan ƙwayoyi daga kwalbar farko a tsohuwar battar tabarsa, yana jefa ɗaya a kowace sabuwa.

Na san iri ne, tun muna yara nake ganin yana yi. Na kuma san kowace kwalba a ɗari biyu da shida take narkewa, ni ke rubutawa da hannuna. Duk da haka na sami Mai Kwalabe na ce na ga Baƙo yana zuba wani abu daga battar taba, kuma sana'arsa farin gishiri ce. Ƙarya ban yi ba ko ɗaya. Na dai jera gaskiyar yadda za ta yi aikin ƙarya.

Bature ya yi ja wur. A wurinsu ba laifin da ya kai a sa abu a kwalba a ɓoye. Ya zubar da duk abin da Baƙo ya taɓa, ya sa na wanke kwalabe da ruwan zafi, ya kira shi. Ni ne tafinta, don haka bayanin Baƙo ta bakina ya bi, ya isa wurin Bature gajere. Baƙo ya dube ni, ya ɗauki gammonsa ya fita.

Sai danƙo ya dawo. Na binne kwalabe a yashi, na karce su har ɗaya ta fashe, na yi addu'a. Sati biyar babu ko ƙwaya ɗaya. Mai Kwalabe ya ce ƙarshen wata zai naɗe kayansa, kuma ba zai tafi da kowa ba.

Ana saura kwana shida, ranar kasuwa da azahar, Baƙo ya yi sallama a ƙofar gidana. Bai zauna ba. Ya ajiye battar a kan tabarma.

"Ƙwaya ɗaya ta isa, Malam. Kar ka girgiza."

Na jefa ɗaya a sabuwar kwalba, kwana biyu ƙwayoyin suka fito. Bature ya gwada da kansa, ɗari biyu da shida. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ina da hannun aiki. Abin bai ma warkar da zazzaɓi ba daga baya, amma ni na samu Kaduna, na yi shekara goma sha bakwai cikin farar riga, ana nuna ni ga sababbin ma'aikata. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni na yi hassadar, ni kuma na ci rabon, ban taɓa jin daɗinsa ba ko na yini ɗaya.

Baƙo ya ci gaba da dafa gishirinsa har maharba suka koma sayen na kanti, sannan ya koma noman dawa. Ya rasu ana saura shekara guda a ba da mulkin kai. Na zo gaisuwa da battar a aljihu, na miƙa wa Ruka. Na tambaye ta abin da na kasa tambayarsa, ko ya taɓa faɗin dalilin da ya sa ya ba ni.

Ta juya battar a hannunta, ta mayar mini.

"Riƙe abinka, ƙanin miji. Ai ni ma na yi masa faɗa a lokacin. Cewa ya yi shi ko yaushe ya so zai iya yin wani irin. Kai ne ba za ka iya ba."